Gyaran Maman Hervé

Duk Asabar Luba takan kai wa yayanta Kamilu abinci a rumfarsa ta nama a kasuwar Roumdé Adjia, kuma duk Asabar sai ta ga abin da ke tayar mata da zuciya.

Tsohuwar nan Maman Hervé za ta zo ta ce rabin kilo. Kamilu ya auna, sannan ya shiga yi mata gyara, ɗan ƙarin da mahauci kan jefa wa mai saye. Gyaran kowa tsoka ɗaya ce. Nata kuwa hanta ce guda, da ƙoda, yau har da ƙafar saniya.

"Allah ya biya soja!" in ji mahautan gefe. "Ya tsare ƙasa, yana ciyar da gwauraye!"

Luba ta tofar da yawu. Ita kaɗai ta san labarin. Da azumin bara, can arewa wajen iyaka, Kamilu aka sa ya hau saman motar gaba ya riƙe bindiga. Rana ta yi zafi, ya roƙi abokinsa Hervé, wanda ba ya azumi, su yi musaya. Motar gaban ta taka nakiya, Hervé ya rasu. Kamilu ya ajiye kaki ya dawo sana'ar gado, bai taɓa gaya wa uwar ba.

"Yaya, ka ba ni kunya," ta ce ƙasa-ƙasa. "Bakinka ya mutu ne, sai wuƙarka ke magana?"

"Ki yi shiru, Luba."

"Ba zan yi ba. Ka mayar da ɗan mutane kayan ciki."

Tsohuwar ta ji. Ta zazzage ledar a kan teburin, ƙudaje suka tashi suka sake sauka.

Kamilu ya buɗe baki. "Mama, ni ya kamata in hau motar nan. Ni na roƙe shi..."

"Na sani," ta katse shi da Hausarta ta kasuwa. "A ranar ya kira ni, yana dariya. Ya ce malam na jin ƙishi, shi zai sha masa rana. Wata goma ina jira ka faɗa da bakinka, kai kuma kana cika mini leda. Karen maƙwabta nake ba wa. Ba na iya haɗiye shi."

Mahautan suka sunkuyar da kai, kowa ya kama wasa wuƙa.

"Rabin kilo na ce," in ji tsohuwar.

Kamilu ya mayar da naman kan sikeli. Ya cire hanta, ya cire ƙoda, ya cire ƙafar. Allura ta tsaya daidai. Hannunsa ya sake kai wa wata tsoka, Luba ta danne shi.

"Asabar zan dawo," in ji tsohuwar. "Ka auna daidai, kuma ka riƙa kallon idona."

Luba ta tura masa kwanon abincin. "Ci. Akwai wata Asabar."