Gangar da Kajin Kulu Suke Sha

Kulu ba ta taɓa jin tsoron Daktor Abdussalami ba sai ranar da ya zo gidanta yana murmushi. Ɗan garin Mai Wurno ne, ya yi karatu a Hartum har ya ƙetare teku, ya dawo da sana'ar da ta ba matan ƙauyen dariya. Ƙwan kaji yake saye gida gida, ya rubuta sunan mai kaza a jikin kowanne, ya je ya huda ɓawon ya zauna yana leƙen yadda ɗan tsako yake yin kai da zuciya. Namiji da gemunsa! Mata suka ce karatu ne ya yi masa yawa, amma ba wadda ta hana shi ƙwai.

Mato, mijin Kulu, shi ya shigo da shi tsakar gida. Daktor ya buɗe wani ɗan littafi na Turanci ya nuna musu hoto.

"Ƙwanki ya yi suna, Kulu. Malamai daga ƙasa huɗu sunka rubuto mini a kai. Ɗalibai a Hartum ma yanzu da shi suka karatu."

Ta duba. Ɗan tsako ne kwance, baki a karkace, wurin ido kuwa fata ce sumul.

"Bakwai cikin ashirin na gidanga haka sunka fito," in ji shi. "Na sauran gidaje lafiya lau. Ina kajinki ka shan ruwa?"

Ta nuna masa barmil, wato gangar ƙarfen da Mato ya samo a gonar auduga bayan an gama feshin maganin ƙwari, ya wanke ta da toka har sau uku, suke tara ruwa a ciki. Daktor ya sunkuya ya shinshina, ya karanta ɗan rubutun da ya rage a jikinta. Sai a lokacin ya ɗago ya dubi Kulu da kyau, ya ga cikinta na wata shida. Murmushin ya ɗauke.

"Ke ma nan kika sha?"

"Tun bara." Ta dafa cikinta. "Daktor, abin da ke cikina fa?"

"Wallahi ban sani ba. Kaza na sani, ban san mutum ba. Amma ku fid da barmil ɗin nan yau."

Da la'asar Mato ya ɗora gangar a kan jaki, ya dawo ya ce ya rabu da ita. Kulu ta roƙe shi kada kowa ya ji, don ba ta son bakin mata ya hau cikinta.

Wata uku ta yi a tsorace, tsoro na gaske, irin mai hana cin tuwo. In cikin ya motsa ta san akwai ƙafa, ta san akwai hannu, amma ido ba ya shuri balle ta ji shi. Duk jaririn da ta gani a goye sai ta leƙa fuskarsa. Ko kajin ba ta iya kallo, ta sa Mato ya yanke su duka.

Da hantsi ta haihu. Iya Mero ungozoma tana cewa namiji ne, Kulu ta damƙe mata hannu.

"Idanu, Iya. Diba mini idanu."

"Ke, bari in yanke cibiya mana!"

Yaron ya yamutsa fuska, ya tsala kuka, sannan ya buɗe su, biyu, baƙaƙe wuluk. Kulu ta yi kukan da ya fi nasa.

Ranar suna gida ya cika, Kulu har da dariya. Hannatu ƙanwarta, wadda aka kai gidan miji a garin Abu Hujar bara, ta iso da rana, ta karɓi yaron tana yi masa wasa.

"Yaya, ban ko yi miki godiya ba," in ji ta. "Barmil ɗin da Mato ya kawo muna wata ukku da sunka wuce, kin hutasshe ni zuwa kogi. Ban shan ruwan ko'ina sai nashi."

Ta gyara mayafinta don ta ɗora yaron a cinya. A nan Kulu ta ga cikin ƙanwarta ya fara tasowa.