Allah Ya Ba Shi Sa'a

A duk faɗin ƙasar nan babu wanda ya san zuciyar mai jefa ƙuri'a kamar Darakta. Shekara talatin da ɗaya ya yi a ofishin ƙididdiga yana ƙirga jama'a da awakinsu da tagogin gidajensu, kuma mutumin da ya san yawan tagoginka ba abin da za ka ɓoye masa. Gaskiya ne a mataimakin darakta ya yi ritaya, amma unguwa ta ƙarasa masa ƙarin girman da gwamnati ta manta.

Shekara biyu da ritayar, ba wanda ya tambaye shi ko ƙarfe nawa. Kullum yakan yi wanka, ya sa tabarau, ya zauna a kujerar roba a shagon ɗinkin matarsa yana gyara wa rediyo alƙaluma. Matar da ƙanwarta, wadda ake kira Auta duk da ta haye arba'in, suna kan kekunansu suna amsa masa da "to".

Sai ga zaɓen fitar da gwani. Jam'iyya ta ce bana ba wakilai ne za su shiga ɗaki su tsayar da ɗan takarar shugaban ƙasa ba, duk mai katin jam'iyya zai jefa tasa. Mutum uku suka fito. Akwai Injiniya, mai alkawarin gada a duk inda ruwa ya taɓa kwanciya. Akwai Lauya, wanda ba a taɓa samun mai haƙurin jin ƙarshen jimlarsa ba. Sai Likita, mace mai ƙaramar murya, wadda ba ta da zance sai na asibitin unguwa da albashin malamai.

Shugaban kamfen Injiniya na yankin ya zo har shago, ya roƙi Darakta ya auno musu ra'ayin jama'a. Ranar nan Darakta ya goge takalminsa da kansa.

Tsarinsa mai sauƙi ne. Zai ambaci kowane ɗan takara, ya rubuta abin da mutum ya ce kalma da kalma, sannan ya yi alama: goyon baya ko adawa. Da matarsa ya fara, don ilimi ba ya son kai.

"Maman yara, me za ki ce game da Injiniya?"

Ba ta ɗago daga keke ba. "Allah ya ba shi sa'a."

"Goyon baya," in ji Darakta, ya yi alama. "Likita fa?"

"Wannan matar? Ta ce za ta zuba magani a asibitin unguwa. Da kuɗin wa? Kuma in an zuba, wa zai hana a kwashe ta ƙofar baya? Ni ba ta yi mini bayani ba tukuna."

"Adawa mai tsanani."

Kwana goma sha biyu ya yi yana yawo, da hular Injiniya a kansa saboda rana. Ya shiga garejin makanikai, ya tsaya a layin famfo, ya zauna a bencin mai aski. Mutum ɗari huɗu ya tambaya. In ya ambaci Injiniya, sai a dubi hular, a dubi furfurar da ke ƙarƙashinta, a ce Allah ya ba shi sa'a. In ya ambaci Lauya, sai a ce wane ne kuma. In ya ambaci Likita, sai takarda ta ƙare: muryarta ba ta fita, lissafinta bai cika ba, me ya sa ta ce shekara uku ba biyu ba. Wani direban bas har sai da ya kashe mota don ya ji daɗin yi mata faɗa.

Kashi tamanin da ɗaya cikin ɗari na Injiniya. Darakta ya karanta sakamakon a ofishin kamfe, aka tafa masa, kuma cikin daɗin tafin ya yi alkawarin rigunan murnar nasara ɗari biyu, farare, da hoton Injiniya a ƙirji, gudummawa daga shagon iyalinsa.

"Farin yadin da ke shagon nan na makarantar sakandare ne," in ji matarsa da ya dawo da labarin. "Riguna ɗari biyu, nan da mako uku. Shekara tara nake musu ɗinki, ban taɓa saɓa musu ba. In na saɓa, sun tafi ke nan."

"Bayan nasara, makarantar ce za ta riƙa bin ki."

"Yaya Darakta," in ji Auta, "kai da ka ƙirga mutanen ƙasa kaf, ka taɓa ƙirga sau nawa aka ce maka Allah ya kiyaye hanya don dai ka tashi ka tafi?"

"Ke Auta, wannan kimiyya ce. Ba cinikin maɓalli ba ne."

Matar ta dube shi. Ta dubi takalmin da ke ƙyalli, da biro uku a aljihunsa. Rabon da ta gan shi yana tafiya ƙirji a gaba tun ranar walimar ritaya.

"Kawo hotunan," ta ce.

Aka kawo fuskar Injiniya ɗari biyu, bugagge a kan ƙyalle, kowace kamar tafin hannu. Kekuna biyu suka yi mako suna kuka. Da aka zo liƙa hotunan a kan aljihu, Auta ta ɗaga riga ɗaya ta duba.

"Yaya, wannan wane irin ɗinki ne? Taku ɗaya nan, ɗaya can, kamar ba ki karya ba. Yaro ya ja sai ya fita."

"Ki yi irinsa, ki rufe mini baki."

Ranar zaɓe layi ya fita daga harabar ofishin jam'iyya har ya zagaya bayan gidan mai. Mata da jarirai, makanikai da baƙin mai a hannu, tsofaffi da kujerunsu. An yi gardama, an yi dariya, ba a fasa kan kowa ba. Darakta ya bi layin yana gaisawa, yana gane mutanensa na kashi tamanin da ɗaya.

Washegari da la'asar rediyon shago ya faɗi sakamako. Likita ta lashe, a yankinsu ma da kashi hamsin da takwas. Sai aka sako muryar Injiniya, ya ce ya kira ta ya taya ta murna, kuma Allah ya ba ta sa'a.

"Yi alama, Yaya Darakta," in ji Auta. "Goyon baya."

Darakta ya cire tabarau ya riƙe a hannu. Ya dubi buhuna huɗu na riguna a jikin bango, sannan ya dubi matarsa.

"Mutum ɗari huɗu," ya ce a hankali. "Duk ƙarya suka yi mini?"

"Ba wanda ya yi maka ƙarya, Baban yara. Addu'a suka yi wa mutumin, kuma har zuciya. Ƙuri'a ce dai ba su ce za su ba shi ba." Ta cire zare daga bakinta. "Matar da ta shigo shagon nan ta ce ɗinkina ya yi kyau, Allah ya kawo kasuwa, ba na ƙara ganinta. Wadda ta ja hannun riga ta ce ya karkace, ta ce maɓallin bai dace ba, ita ce take buɗe jaka."

"Ke ma Likita kika zaɓa?"

"Ai na gaya maka tun ranar farko. Ka ma rubuta."

Darakta ya mayar da tabarau, ya jawo jakar takardunsa, ya baje su a kan teburin yanka. Duk wanda ya yi wa Likita ƙorafi ya ajiye shi dama. Duk wanda ya tsaya tambayar yaushe za a fara gadar Injiniya, kuma ta ina za ta bi, ya ajiye shi hagu. Masu addu'a zalla ya tara su a tsakiya. Ya ƙirga na dama, ya sake ƙirgawa, ya fitar da kasonsu cikin ɗari.

"Hamsin da bakwai!" Ya miƙe har kujerar ta faɗi. "Hamsin da bakwai, su kuma sun ce hamsin da takwas! Kun gani? Alƙaluman daidai suke. Fassarar ce kawai ta ɗan zame. Mutanen nan sun san abin da suke so, tun kafin a buga hoton kowa. Wannan sabon ma'auni ne na gano, ba a taɓa rubuta shi a wani littafi ba."

"Allah ya ba ka sa'a," in ji Auta.

Bai ji ta ba. Ya tattara takardunsa ya nufi ofishin jam'iyya, don babban zaɓe na tafe, kuma Likita za ta buƙaci wanda ya san zuciyar mai jefa ƙuri'a.

Matar ta jira har ƙarar takalminsa ta ɓace. Ta jawo buhun farko, ta ɗauko reza da kwalin baje mai tambarin makarantar daga ƙarƙashin keke. Ta sa bakin rezar a dogon ɗinkin nan, ta ja sau ɗaya, fuskar Injiniya ta faɗo a cinyarta tana murmushi. A ƙarƙashi aljihun ɗan makaranta ne, fari fes, daidai wurin da baje zai zauna.

"Saura ɗari da casa'in da tara," in ji Auta. "Za ki gaya masa?"

"Miƙo mini na biyu."