Hancin Tahani

Sati biyu Tahani ta ce za ta yi a Jidda, ga shi an shiga na bakwai. An yi wa Ummanta, Hajiya Fatu, aikin yanar ido, ido kuwa ya warke sarai, har tana zura zare a allura a gaban baƙi don kowa ya shaida. Abin da ya rage shi ne bizar fita da dawowa, ita kuwa ba ta samuwa sai mahaifinta Maman Lawali ya danna a wayarsa. Shekarun Tahani ashirin da tara, amma iƙamarta, takardar izinin zama, a ƙarƙashin tasa take. A unguwar Kurayyat, nan cikin Jidda, aka yanke mata cibiya, takarda ta ce ita baƙuwa ce 'yar Nijar, ƙasar da sau ɗaya tak ta taɓa takawa.

Kullum ta yi masa maganar sai ya ce, "Bukra, gobe in Allah Ya so." Ba mugunta ba ce. Tsohon dai yana jin daɗin ya dawo daga aikin tuƙi a unguwar Abhur ya tarar da takalmanta a bakin ƙofa.

Ita kuwa hankalinta na can Scotland, inda ta yi karatun kimiyyar sinadarai, ta kuma samu aiki shekara uku da suka wuce. A gida an san kamfanin turare ne. Ba ita ta fara faɗar haka ba. Cewa ta yi aikinta sansana ne, Umma ta ƙarasa sauran da kanta, Tahani ta yi shiru, shirun ya zama ƙarya mai shekara uku.

Gaskiyar ita ce a matatar wiski take aiki, wani ƙaramin gida a gefen rafi inda ake tace giyar daga sha'ir zalla, a zuba a gangunan katako, a kulle shekara goma sha biyu ko fiye. Tahani ba ta taɓa kai ko ɗigo bakinta ba, a nan ta tsaya da Ubangijinta, ko da yake ta san malaman unguwa ba za su karɓi wannan lissafin ba. Hancinta ake biya. Da shi take gane gangar da ta nuna, da wadda katakonta ya yi mata yawa, da wadda ta soma warin ɗanyen kwali. Tana son aikin, so na gaske. Tana son sanyin rumbun, da yadda ganga biyu da aka cika rana ɗaya, ɗaya ta fito da ƙamshin dabino da zuma, ɗayar da hayaƙi. Ranar da masu yawon buɗe ido suka zo ganin matatar, in ta jiyo Larabci a cikinsu, sai ta shige ɗakin gwaji ta ja ƙofa.

Wadda ta koya mata, wata dattijuwa mai suna Morag, ita ce mace ta farko da aka taɓa bari ta zaɓi ganguna a gidan, bayan maza sun shafe shekaru suna aiken ta dafa shayi. Yanzu za ta yi ritaya, ta kuma ce Tahani za ta gaje ta. Sai dai kujera ba ta jiran mutum har abada: in ƙarshen wata ya yi ba ta koma ba, wani za a ba. Saura kwana tara.

Ranar Laraba bayan la'asar mata suka cika falon Umma. Hajiya Fatu haɗa humra da turaren wuta take yi, rabin amaren Kurayyat da nata aka kai su. Wani haɗin baƙar humra ne ya ƙi ta, an yi ta miƙa kwalbar hannu zuwa hannu, kowa na faɗin tasa.

"Ku ba Tahani," in ji Umma, tana gyara zama. "Turawa ma hancinta suke saye, bare mu. Yalla, ya binti, nuna musu."

Da ta tsaya ta yi tunani, da a bayan hannu ta ɗiga kamar kowa. Amma hannu ya riga ya saba. Ta jawo ƙaramin kofin shayi na gilashi, ta tsiyaya kaɗan, ta rufe bakin da tafin hannu, ta juya shi a hankali. Ta ɗaga shi saitin taga ta duba launi. Ta kai hanci sau uku, bakinta a ɗan buɗe. Sannan ta tsoma yatsa a ruwan sha ta ɗiga ɗigo biyu a ciki, yadda ake yi wa wiski don ƙamshinsa ya buɗe. Nan take humrar ta dagule.

"Ruwa a humra?" in ji Anti Haifa maƙwabciya, tana tafa hannu. "Ya salam! Wannan wane irin ilimi ne?"

Aka kwashe da dariya. Tahani ta yi yaƙe ta ce farcen humra ne ya yi yawa, ba a kuma soya shi ya soyu ba. Umma ta sansana ta ce wallahi haka ne, aka shiga yabon hancin 'yar Turai. Sai da ta ajiye kofin ta ga mahaifinta tsaye a bakin ƙofar falo, makullin mota a hannu. Ba ita yake kallo ba, kofin yake kallo.

"Tahani, zo ki raka ni saidaliya, maganin uwarki ya ƙare."

Ba su je kantin maganin ba. Ya sha kwana sau biyu da mota, ya tsaya a inuwar wani gini, ya bar injin a kunne saboda zafi.

"Shekara ashirin da biyu ina yi ma Turawa aiki Abhur," ya ce, idonsa a kan titi. "Akwai wani injiniya da na yi ma shekara tara. Kowace Alhamis abokansa na zuwa, a rufe labule. Ya rufe kofi da hannu, ya juya, ya ɗaga ma fitila, ya ɗiga ruwa. Ni ke wanke kofunan da safe, sau bakwai nike wanke hannuna kafin in yi alwala. Ba turare ba ne a ciki, ya binti."

Ta daɗe tana tsoron wannan rana, amma a tunaninta ihu za a yi. Wannan sanyin muryar ya fi ihu ciwo.

"Baba, wallahi ban taɓa sha ba."

"Na yarda."

"Na iya aikin, Baba. Babu abin da na taɓa iyawa kamarsa. Ni a nan mece ce? Ko aikin shago sai an nemo mini kafili, ɗan ƙasa da zai tsaya mini."

"Na sani. Ni na haife ki nan, ni na san abin da na haife ki ciki." Ya fiddo wayar daga aljihu ya ajiye tsakaninsu. "Ba ni hana ki. In na hana ki, ki tsane ni, kuma ni ma ban fito wurin da tsabta ba. Amma ba ni dannawa bisa ƙarya. Ki shiga ki gaya ma uwarki mi kike sansanawa. Da bakinki. In ta ce ki tafi, halas, kafin magariba bizarki ta fito."

"Baba, ka san abin da zai yi mata."

"Na sani," ya ce, ya sa giya ya juya motar.

Da suka dawo yawancin matan sun watse, saura Anti Haifa na naɗe mayafi tana cewa gobe za ta turo ƙanwarta a duba mata nata haɗin. Umma na zaune a tsakiyar kwalabe, fuskar nan kamar an yi mata albishir da kujerar Hajji. Tahani ta tsaya a kanta. Ta shirya kalmomin tun a mota, da Hausa da Larabci, duk wanda ya fara fitowa.

"Umma, ina son magana da ke."

"Bari in fara tawa," in ji Umma, ta jawo ta ƙasa. "Kin san Haifa shekara goma tana cewa na tura 'ya mace ƙasar arna ta lalace? Yau a gabana ta ce a yafe mata. Yau na yi barcin da ban yi ba tun tafiyarki." Ta share idon da aka yi wa aiki da gefen mayafi, a hankali yadda likita ya ce. "To, mece ce maganar?"

Daga tsakar gida Tahani na jin mahaifinta yana zuba ruwa a buta. Bai shigo ba, bai kuma tafi masallaci ba.

Tahani ta miƙa hannu ta ɗauki kwalba ta gaba, ta buɗe, ta ɗiga a bayan hannunta.

"Wannan ma," ta ce, "sandal ɗin ya yi kaɗan."