Jan Tauraron Kafaɗar Jauza'u

A shekara ta 1441 bayan Hijira, lokacin dashen albasa, jan tauraron da ke kafaɗar Jauza'u, rukunin taurarin nan mai siffar mutum, ya dushe, har mutanen Tursa sunka lura. Manoman fadama sunka nufi zauren Malam Ja'afar, wanda ya gaji hisabin taurari daga mahaifinai, kuma shi ke faɗa musu lokutan shuka.

Yazid, na'ibin liman, wanda ke koyar da kimiyya a Goronyo, yana zaune a wurin. Da anka tambaye shi, ya ce masana sun bayyana cewa tauraron nan babba ne ƙwarai, kuma irinsa idan makamashinsa ya ƙare yakan rufta cikin kansa ya tarwatse, haskensa ya yi ƙarfi har a gan shi da rana, sannan ya gushe. Ya ce ranar kuwa Allah kaɗai Ya san ta, ko bana ko bayan shekara dubu ɗari.

Malam Ja'afar ya ajiye tazbaharsa. "Mi kac ce, ɗan Atika? Kakanninmu sun yi noma da samaniyar ga ba ta motsa ba, sai yau da kaz zo da takardarka?"

Yazid ya amsa cikin ladabi cewa tauraro halitta ne, kuma kowace halitta tana da ajali. Malam bai saurare shi ba. Kafin Juma'a magana ta game gari cewa na'ibi ya yanke wa tauraro ranar mutuwa. Waɗansu sunka daina bin sa salla. Liman ya ce a jira abin da Allah zai nuna.

Bayan wata uku, da ikon Allah, tauraron ya komo da haskensa. Da anka sallame magariba, Malam Ja'afar ya tsayar da jama'a a ƙofar masallaci, ya nuna sama da sandarsa.

"Ga gawarka nan, Malam na boko. Yaushe za mu yi mata sutura?"

Yazid ya fara cewa bai taɓa sa rana ba, amma dariya ta rufe muryarsa. Washegari liman ya naɗa wani na'ibi.

Yazid ya koma sahun baya, bai kuma janye ko kalma guda ba. Malam Ja'afar kuwa, har Allah Ya karɓi ransa, duk lokacin da Jauza'u ta fito sai ya ɗaga kai ya duba kafaɗar nan kafin ya shiga gida.