Lambun Gwamnati

"Ina lambun? Ni lambun nika tambaya!" Maccido ya daka wa ƙanensa tsawa.

Shamsuddeen na tsaye tsakar ɗakin Inna Tabawa, ko takalman da ya dawo da su daga Birnin Kebbi bai tuɓe ba. Ya sake ɗaga abin da ke rataye a wuyansa, wani ƙarfe mai ƙyalli, faɗinsa bai kai murfin kwalbar man shafawa ba.

"Yaya, lamba anka ce. Lambar yabo. Ga ta."

To, ku da ba 'yan Aliero ba, bari ku ji. Shamsuddeen ɗin nan tun yana ƙarami ba ya da aiki sai kallon sama. Shi ya rubuta littafin mutanen da suka hau jirgi suka tafi duniyar wata noman albasa, har talabijin ta mai da shi wasa. Da aka ba mu jiha, sai rediyo ta ce gwamnati za ta karrama shi da lambar yabo. Inna Tabawa kuwa, mahaifiyarsu, Allah ya ba ta lafiya, kunnenta ɗaya ya daɗe da yin ritaya. Ita lambu ta ji. Kafin la'asar zance ya kai Jega, kafin Juma'a lambun ya sami rijiya da injin ban ruwa.

Shi ko Maccido, sarkin zuciya, ya taka har gidan Alu, mai ba su aron fadama duk rani, ya ce ya riƙe abinsa, sun gode da gori. Ga irin albasa ya isa dashe, ganye har ya fara kwantawa.

"Mu koma wurin Alu mu ba shi haƙuri," in ji Shamsuddeen, murya ƙasa-ƙasa.

"Ya ba maƙwabcinmu Hamidu fadamar tun shekaranjiya!" in ji Maccido.

Inna ta karɓi ƙarfen, ta juya shi, ta ɗan gwada shi da haƙori. "Hala makullin lambun ne?"

Ba wanda ya yi dariya. Maccido ya juyo wajen ƙanensa.

"Kai, malamin sama. Can wata, cikin littahin naka, akwai ruwa?"

"Akwai, Yaya. Ƙarƙashin ƙasa."

"Hili hwa?"

"Ba iyaka."

"Madalla. Ga iri can bayan gida. Ka kwashe ka tai ka dasa."

Ya fice, ya bugo ƙyauren har sai da tasoshin Inna suka amsa.