Ranar Ƙarshe a Naivasha

Zawadi, mai kula da 'yan jarida a ƙungiyarsu ta tseren motoci, tana gyara wa Karimi Mutegi hula don sunan kamfanin shayin da ke ɗaukar nauyinsu ya fito sosai.

"Idan sun tambaye ka game da Lemayian, ka ce tsautsayi ne, ya shiga kwana da gudu. Ka ɗan yi murmushi, amma kada ya yi yawa."

Yau ce ranar ƙarshe ta tseren, Karimi ne na biyu, hotonsa na manne a bayan kowace bas daga Naivasha har Nairobi. Jiya abokin tserensa Lemayian ya wuntsila da mota a kwanar duwatsu. Da yamma Karimi ya same shi a gadon asibiti a Nakuru, ba ya jin ƙafafunsa. Ya riƙo hannun Karimi ya ce, "Ba gudu ba ne, ɗan'uwa. Ƙarfen sitiyari ne ya karye. Irinsa aka sa a taka."

Karimi ya bar Zawadi ya nufi rumfar makanikai, inda shugaban ƙungiyar, Baba Harbans, ke tsaye da rawaninsa, yana kurɓar shayi. Wannan tsohon ne ya tsinto shi yana tuƙa bas ɗin haya a Meru, ya koya masa tsere, ya tsaya masa ranar aurensa.

"Baba, a canja min ƙarfen nan."

"Da me za a canja? Babu wani sai mako mai zuwa. An duba shi, ƙalau yake." Ya dafa kafaɗarsa. "Ɗana, idan maganar nan ta fita, mai shayi zai janye, ni da yaran nan duk mu koma gida. Na taɓa jefa ka a rami?"

"A'a, Baba."

'Yan jarida suka yanyame shi a bakin rumfa. Wata ta miƙo makirfo har kusa da haɓarsa.

"Ana raɗe-raɗin motocinku na da matsala. Gaskiya ne?"

Ya hango tsohon yana kallonsa daga nesa.

"Motocinmu lafiya lau," in ji Karimi. "Ɗan'uwana ya ɗan yi sauri ne. Shi zan yi wa tseren yau."

Aka tafa. Zawadi ta ɗaga masa babban yatsa.

Okoth, mai zama gefensa a mota yana karanta masa hanya, yana jiransa a jikin mota, bai tafa ba.

"Ka iya magana, mutumin talabijin. To ni fa, me za ka gaya min? Mota ɗaya za mu shiga ni da kai."

"Za mu lallaɓa ta."

"Kai? Yaushe ka taɓa lallaɓa mota ana ɗaukar ka hoto?" Ya yi dariyar da ba ta kai ciki ba. "Matata ta ji ka a rediyo yanzu. Ta ce hankalinta ya kwanta."

Karimi ya zagaya bayan rumfa don ɗauko hular kwanonsa. Can ya ji muryar Baba Harbans ƙasa-ƙasa, yana magana da direban motar asibitin ƙungiyar.

"Kada ka tsaya a ƙarshen hanya yau. Ka tafi kwanar duwatsu ka jira. Ka ɗauki likita, kuma kada ka kunna jiniya."

Karimi ya tsaya cik, hular a hannunsa, har motar asibitin ta fice ta ƙofar baya a hankali. Tsohon ya juyo suka haɗa ido.

Lasifika ta kira lambar motarsu. Jama'a suka ɗauki sunansa da ihu.

Ya dawo ya tarar Okoth ya riga ya shiga, yana ɗaure ɗamarar kujera.

"Okoth, sauka."

"Ka san ba a barin direba ya tashi shi kaɗai."

"Na sani," in ji Karimi. Ya ajiye hular kwanon a kan rufin motar, ya juya ya fuskanci kyamarorin da suka fara matsowa, don ya faɗa musu gaskiya.