Injin da Ya Zo Babu Waya

Damina ta yi nauyi a waccan shekarar, 'yan shekaru bayan samun mulkin kai. A wani ƙaramin asibitin haihuwa da ke gefen Malumfashi, Marka mai wanki ta rasa inda za ta sa kanta. Zannuwan gado da tsumman jarirai sai su wuni a kan igiya, sun fara shan iska ruwa ya sake saukowa. In ta gaji ta kwashe ta kara a kan garwashi, su bushe da ƙaurin hayaƙi, masu jego su yi ta mita.

Ana cikin haka aka kawo wa asibitin gudummawar injin busar da kaya mai aiki da lantarki. Janareta kam suna da shi. Amma da aka fasa akwatin, sai ga inji fari fat, babu wayar da za a jona shi da wuta. Malama Lauratu, ungozomar da ke riƙe da asibitin, ta aika Funtua aka sayo waya da fulogi. Mai haɗawa ne ya gagara, don wanda suka saba kira ya koma Kaduna.

"Malama, ina da ƙane," in ji Marka. "Sana'arsa ke nan."

"To, Gwaggo, me muke jira?"

Abin da Marka ba ta faɗa ba shi ne, ƙanen nata Ummaru ya bar sana'ar. Yana gyaran wuta a wani gidan gurzar auduga a Funtua bel ɗin inji ya cinye masa yatsu uku na hannun dama. Tun da ya warke ya koma gida Gozaki ya tare a zaure. Ko gona ba ya bin 'yan'uwa.

Ranar kasuwa Marka ta bi motar 'yan hatsi ta je ta same shi. Da ya ji abin da ke tafe da ita, sai ya miƙo mata hannun.

"Yaya, ba'a kika zo yi mini? Da wannan zan riƙe sukudireba?"

"Wa ya ce hannunka nake nema? Abin da ke cikin kanka, shi ma injin ya cinye?"

Marka ta miƙa masa nata hannuwan.

"Tashi, Ummaru. Hannuwa ga su nan. Sun matse bargo, balle ɗan ƙarfe."

Washegari da hantsi suka iso asibitin. Ummaru ya ce a fara kashe janareta, kuma bai yarda ba sai da ya je ya gani da idonsa. Ya tsuguna bayan injin, ya nuna wa Marka wani ɗan murfin ƙarfe, ta kwance shi. A ciki akwai ƙananan notuna, kowanne da mazauninsa.

Ya ɗauki wuƙa zai fere bakin wayar, wuƙar ta suɓuce ta faɗi. Ya sake ɗauka, ta sake faɗuwa. Ya dubi ƙofa, ya ga Malama Lauratu tsaye, ya yunƙura zai tashi.

Marka ta janyo bakin rigarsa. "Zauna. Kawo in yanka."

Ta danna wuƙa da ƙarfi, ta datse wayar gaba ɗaya.

"Haba Yaya! Ai ba kaza kike yankawa ba!"

Dariya ta ƙwace masa, irin wadda Marka ta daɗe ba ta ji ba. Ya karɓi wuƙar da hannun hagu, ita ta riƙe masa waya, ya bi a hankali har robar ta zame. Wayoyi uku suka fito: ja, baƙa da koriya.

"Jar nan ita ke kawo wuta, baƙar ta mayar da ita," ya ce. "Koriyar kuwa a jikin ƙarfen injin ake ɗaure ta. In wuta ta ɓalle, ita za ta kwashe ta zuwa ƙasa, ba za ta ja ki ba."

Marka ta saka kowace a inda ya nuna, ta ɗaure biyu. Da aka zo kan koriyar, Ummaru ya ce ta ba shi. Ya maƙale sukudireba tsakanin babban yatsa da ɗan'uwansa da ya rage, ya danna da tafin hannu, ya murɗa. Ya ɗauki lokaci, amma notin ya kama. Ya ɗaure maɗaurin da ke riƙe wayar, ya finciko ta don ya gwada, ba ta motsa ba. Fulogin ma shi ya haɗa.

Aka tayar da janareta. Marka ta yi bisimilla ta zuba jiƙaƙƙun zannuwa, ta ja da baya. Injin ya yi gurnani, cikinsa ya fara juyawa. A waje ruwa ya tsuge kamar da bakin ƙwarya, babu wanda ya ruga kwashe shanya.

Da aka buɗe, Malama Lauratu ta zaro zani ɗaya, ta kara shi a kumatunta, ta wuce da shi kai tsaye ta lulluɓe wata jaririya da aka haifa da safen. Sai ta dawo.

"Malam Ummaru, fitilar ɗakin haihuwa ta daɗe tana ƙiftawa. Ko za ka duba mana?"

Ummaru ya tambaya ko suna da tsani. Aka ce akwai.

"Yaya, zo ki riƙe mini."

Marka ta ce ya dakata tukuna, akwai sauran wanki a kwando.